Ingilishin da Mushe Ya Ajiye wa Babbar Baƙuwa

Shekarun baya, idan kana son jin Ingilishi a Maraɗi sai ka nemi akwatin rediyo, ko ka tsaya bakin tagar aji a kwaleji, ko ka hau motar Jibiya ka tsallaka iyaka. Yau kuwa jikata tana zaune a tsakar gida da waya a hannu, tana maimaita abin da wata yarinya ta faɗa a wata ƙasa da ni kaina, duk yawona, ban taɓa takawa ba. Rannan na ji ta ce wa ƙanwarta "gonna", ta wuce abinta, ko a jikinta. Na bi ta da ido. Wannan ƴar kalmar da ba ta kai tsawon atishawa ba, na ga ranar da ta durƙusar da babban mutum.

Zamanin jam'iyyu ne. An gama babban taron ƙasa, kowa ya samu baki, kowace bishiya a Sabon Gari da tutar da aka ɗaura mata. Baki ya buɗe, aljihu ya rufe. Ma'aikata suna shiga yajin aiki suna fita kamar mai zazzaɓin damina, albashi ya zama tatsuniya, lakwal, makarantar boko, a rufe har awaki suka mayar da filin kwaleji makiyaya. Ana cikin haka aka karya darajar kuɗin sefa, abin da ka saya jiya ka je yau ka tarar ya hau bishiya. Mutane sun gaji. Gardamar siyasa ma a rumfuna a zaune ake yinta, ba mai ƙarfin tashi.

Abokina malamin Ingilishi ne a kwaleji. Bagobiri ne, ɗan Tibiri, yana zaune a unguwar Zariya, kuma kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin boko a nan, har matarsa. Ni Bakatsine ne, don haka tsakaninmu sai wasa: ina ce masa bawana, yana ce mini bawansa, ba mu taɓa warware wannan shari'a ba. Kowace safiya idan zai tafi aiki yakan tsayar da mobiletinsa, ɗan babur ɗin nan, a bakin rumfata ta yadi, ya gyara tabarau, ya ce, "Good morning, Alhaji. How do you do?" Ni kuma in amsa masa da brokan Legas, in ce, "I dey." Sai ya dafe kai ya ce an kashe harshen mutane tun da safe, ya ja mobileti ya wuce. Mun yi shekaru a haka.

Ingilishinmu ba ɗaya ba ne. Nasa na littafi ne da na rediyon Landan, kamar shaddar da ta sha bugu, ko ina a miƙe yana walƙiya. Ba ya gutsure kalma. Yaron da ya rubuta "don't" a takardarsa zai ga jan biro, har ɗalibai suka laƙaba masa "I do not" a bayan idonsa. Nawa kuwa na tsintuwa ne. Na ɗebo wani a Legas, wani a Akra, mafi yawa kuma a Saudiyya inda na yi wa wasu Amurkawa masu haƙar rijiyoyi direba. Haka Larabcina yake, haka Faransancina, haka Yarbancina. Ina jin harsuna da dama, amma babu ɗaya da zan iya rubuta wa wani sannu a cikinsa ba tare da an yi mini dariya ba.

Da rufewar makaranta ta yi tsawo, sai safiya ta zo ban ji mobileti ba. Mushe ya sayar. Ya fara zuwa da ƙafa, yana cewa likita ne ya ce tafiya tana da amfani. Amma matata ta ji daga matarsa cewa sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan, gida mai ƴaƴa da yawa, ga tsohuwa a Tibiri tana jiran abin da zai aika.

A wannan tsakanin wata ƙungiyar agaji ta Amurkawa ta buɗe biro, wato ofis, a garin. Suna aiki da manoman rani a Jiratawa kan injin ban ruwa da iri, suna kuma da wani shiri na mata a Tibiri. Suna neman tafinta. Sharaɗinsu shi ne a yi wata guda na gwaji, sannan shugabarsu ta zo daga Yamai ta duba, ta ce a ɗauka ko a bari. Mushe ya samu gwajin. A bakin biron kuwa kullum akwai samari a zaune kan benci, tsofaffin ɗalibansa, waɗanda suka ƙaro Ingilishi a Kano da gidajen kallon kaset, suna gaishe shi da ladabi suna jiran ya zame.

Bai yi sati ba ya zo rumfata bayan la'asar, ya zauna bai yi mini wasa ba.

"Bawana, mi ya faru? Nasara ya gane Bagobiri ne ya ɗauka?"

"Alhaji, yaron nan ya raina ni."

"Wane yaro?"

"Ba'amurken da aka haɗa ni da shi. Sa'an ɗana na fari ne. Wallahi tun da muka fara bai taɓa yi mini magana da cikakkiyar kalma ba. Sai ya tauna rabi ya tofo mini rabi, kamar mai ba kare ƙashi."

"Ba ka gane abin da yake faɗa?"

"Ranar farko na sha wuya, yanzu kunnena ya buɗe. Ina ganewa. Ganewar ce ma take ƙona mini rai. Na ji yadda mutanensu suke magana a rediyo, sun iya cika baki idan sun ga dama. In za ka gaida mahaifinka, kana cewa 'kwana?' ka wuce? Ai sai ka durƙusa ka ce ina kwana, ina gajiya, ina iyali, har ka ƙare. Wanda ya gutsure maka magana ya auna ka ne ya ga ba ka kai a cika maka ba."

"To kai yaya kake amsa masa?"

Ya ɗaga haɓa. "Yadda aka koya mini. Ko harafi ɗaya ba na ragewa. Ya ga yadda ake yi, ko ya ji kunya."

Na ce zan bi su Jiratawa in ga yaron da idona. Na ce ina son sayo zogale, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya.

Muka tafi a katkat ɗin ƙungiyar, motarsu ta shiga daji. Yaron dogo ne, rana ta ƙona masa wuya ya yi ja, yana da fara'a irin ta wanda bai taɓa kwana da yunwa ba. Duk hanya yana zuba, yana nuna gonaki yana tambaya. Mushe a gefensa a zaune cif, yana amsawa kalma kalma kamar mai karanta hukunci. A bakin magudanar ruwa manoma suka kewaye su, aka yi maganar injin da ya lalace. Aikin fassara dai ba laifi. Amma tsakanin mutum biyun nan, in ka sa ƙwarya da ruwa sai ya yi sanyi.

Da Mushe ya tafi alwalar azahar, yaron ya matso kusa da ni. Ya ji na yi wa direba wasa da irin bakinsu, ya ga ya samu ɗan gari. Ya rage murya ya tambaye ni ko dattijon nan fushi yake yi da shi. Na ce don me? Ya ce a gidansu, idan mahaifinsa ya daina cewa "don't" ya koma "do not", to kowa sai ya nemi maɓoya, don an kai shi bango. Ya ce tun da suka haɗu haka mutumin nan yake yi masa magana. Ya yi ta jan shi da hira irin ta abokai, ya yi masa magana yadda yake yi wa kawunsa da ya fi so, amma abin sai gaba yake yi. Ya ce shi kam ya fara tunanin in shugaba ta zo ya gaya mata su gwada ɗaya daga cikin samarin benci, don bai iya aiki da wanda ba ya ƙaunarsa.

Na yi dariya, sannan na daina. Ga mutum biyu, kowa yana miƙa wa ɗan'uwansa mafi kyawun ladabin gidansu, kowa yana karɓar na ɗan'uwansa a matsayin mari. Na taɓa ganin irin haka a Kumasi da Jidda, amma can baƙi ne, ina iya kaɗa kai in wuce. Nan kuwa tukunyar abokina ce a kan wuta.

Na lallashi yaron ya ƙara haƙuri. Washegari na tafi Zariya, muka zauna a zauren Mushe, na gaya masa duk abin da na ji, har da maganar benci. 

Na ce, "Ka ɗauka riguna uku gare su. Akwai babbar riga, ita ce taka, 'I am going to', ta kotu da takarda da manyan taro. Akwai kaftani na yau da kullum, 'I'm' da 'don't', wannan kowa yana sawa, har shugabansu a rediyo, in ka saurara da kyau. Sai singileti, su 'gonna' da 'wanna' da 'lemme', ta cikin gida da abokai. Yaron nan da ya zo maka da singileti, cewa yake yi kai ɗan gida ne."

"Ɗan gida? Ni ko ɗan cikina bai isa ya zauna gabana da singileti ba."

"Su a wurinsu zumunci ke nan. Ai ko Faransancin da kake ji, wa ke cika 'je ne sais pas' a tasha? Balarabe ma daban yake huɗuba, daban yake cinikin tumatir. Kai kanka da Hausa, 'za ni tafi' kake cewa kullum ko 'zan tafi'?"

"Hausa tawa ce, in na ga dama in gutsure. Wanga harshe aro ne. Kayan aro ba a mayar da shi da ɓalli." Ya cire tabarau ya goge. "Kuma da wane baki, Alhaji? Yaran da ke kan bencin nan ni na ja musu jan biro kan abin nan. Su ji shi a bakina?"

Sai muryar matarsa ta fito daga bayan labule, ashe ta kawo fura ta tsaya. "Mushe, in haɗiye kalma zai kawo gero gidan nan, don Allah ka haɗiye. Mu tun yaushe muke haɗiye miyau."

Ba wanda ya yi dariya. Ya mayar da tabarau ya ce, "To, Bakatsine. Allah ya kawo ranar da bawa zai koyar da ubangijinsa. Fara."

Ban taɓa yin aikin da ya gajiyar da ni kamar wannan ba, ni da na taɓa tura mota a rairayi. Kullum bayan la'asar muna zaure. Ba wai bai san kalmomin ba ne, ya san su ya fi ni, ya san asalin kowace da abin da aka cire mata. Bakin ne ya ƙi. Ya buɗe zai ce "I'm", sai cikakkiyar ta kufce ta fito da kanta, kamar jakin da ya saba hanyar gida. In ya samu ya faɗa kuma, sai ya tsaya kafinta ya tsaya bayanta, kamar mai tsallake kwata da farin wando. Ina cewa, "Kada ka yi mata sallama, ka wuce ta kawai." Yana cewa, "Malamin tasha, sannu da ƙoƙari." Ga mu nan, tsofaffi biyu a zaure ana yajin aiki a gari, muna koyon yadda ake tauna magana.

Kaftanin dai ya shiga a hankali. Ranar da ya fara ce wa yaron "I don't think so" a gonar wani mai tumatir, direba ya ba ni labari cewa yaron ya daki kafaɗarsa don murna, Mushe ya sandare kamar an zuba masa ruwan randa da asuba, amma ya daure. Daga nan abubuwa suka yi sauƙi. Suka fara cin dafaffen zogale a kwano ɗaya. Maganar benci ta kwanta.

Singiletin ce ban ji ya sa ba. A zaure yana maimaita ta, har ya fi nacewa a kanta, ya sa ni in faɗa ya faɗa har ta zauna masa daram. Amma a waje ko sau ɗaya. Na tambaye shi, ya ce, "Lokacinta bai yi ba." Na ɗauka taurin kan Gobir ne, na ce a raina hakan ma ya yi, dama ba dole ba ce. Sai tafiya ta kama ni zuwa Kano sarin yadi, ban dawo ba sai ana gobe shugabar za ta zo.

A Tibiri aka yi taron, a ƙofar gidan wani mai unguwa, ƙarƙashin bishiyar bedi. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujerun ƙarfe na baƙi. Dattawan unguwa a gaba, mata a gefe da goyo, wakilin perefe, wato hukumar yanki, da jakarsa a cinya, samarin benci su ma sun biyo mota sun tsaya a baya. Garin Mushe ne, rabin mutanen nan sun san shi tun yana yawo ba wando. Shugabar tsohuwa ce mai farin gashi, tabaranta a rataye da sarƙa, ta zauna a miƙe ta haɗa gwiwoyi. Kallo ɗaya na yi mata na san irinta, na ga irinsu a ofisoshin jakadanci.

Mushe ya zo cikin babbar rigarsa ta sallah, hula a karye, har da turare. Shi aka ba jawabin maraba a madadin gari. Ya miƙe, ya gyara hannun riga, ya yi bisimilla a hankali. Ya dube ni ya ɗan ɗaga gira, kamar mai cewa yau za ka ga aikinka. A nan na gane abin da zai yi.

Ya ce, "Madam, lemme welcome you. We're gonna tell you what we wanna do."

Ya ci gaba a haka. Da murya ta liman, a tsanake, yana ba kowace kalma haƙƙinta, ya zazzage duk abin da muka tara a zaure, bai bar ko ɗaya ba. Wanda ba ya jin Ingilishi, ya ɗauka alƙali ya hau kujera da rawani da alkyabba, ya buɗe baki ya yi magana irin ta ƴan kamasho a tasha, kuma da dukan zuciyarsa.

Yaron ya yi ƙoƙari, na ga ya cije leɓe ya sunkuyar da kai. Abin ya fi ƙarfinsa, dariya ta ƙwace masa. Ba ta mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa kaka ce idan ya sa hular jika. Samarin baya suka ɗauka, su tasu da gishiri, na ji wani ya ce, "I do not ya tuba." Dattawa kuwa da suka ga baƙo yana dariya, sai suka ɗauka ɗansu ya yi barkwanci mai daɗi, su ma suka kama. Wani tsoho kusa da ni ya ce, "Madalla da ɗanmu. Ka ga ya san bakinsu, har ya sa su nishaɗi."

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta jira ya ƙare, ta miƙe tsaye, ta dube shi ta ce, "I am very grateful, sir. I do not take this welcome lightly." A hankali, kowace kalma da kanta da ƙafafunta. Ingilishinsa ne sak, wanda ya yi shekaru yana koyarwa, wanda na yi sati da sati ina ɓamɓare masa daga baki, shi ne ya dawo masa daga bakin baƙuwar. Ina kallon fuskarsa. Tsagen kumatunsa kamar sun ƙara zurfi. Bai buƙaci wani ya yi masa bayani ba.

Abin da ya yi bayan nan shi ne nake tunawa idan ana maganar jarumta. Bai zauna ba, bai nemi ruwa ba. Ya juya ga dattawa ya fassara musu godiyarta, ya ci gaba da aikin har aka tashi. Mata suka yi ƙorafi kan injin niƙa, wakilin perefe ya yi dogon Faransanci, wani dattijo ya kawo karin magana da ni kaina ban san ta inda zan ɓullo mata ba. Duk ya ɗauke su ya kai ya dawo, da cikakken bakinsa na da.

Da aka watse ya ƙi shiga katkat, ya ce zai leƙa tsohuwarsa. Na bi shi. Bai leƙa ta ba, muka miƙe zuwa bakin kwalta muka zauna jiran motar haya. Rana ta yi sanyi, ana koro shanu daga gulbi.

Na ce, "Bawana, ai na ce maka singileti ce."

"Ka ce."

"To mi ya kai ka?"

"Ka kuma ce alamar zumunci ce a wurinsu. Ka ce ita ake yi wa ɗan gida." Yana kallon hanya. "In babban baƙo ya sauka gidanka, wace dabba kake yankawa? Ramammiyar? Ai wadda ka fi wahala a kanta kake kamowa. Ni duk abin da na sani na harshen nan, babu wanda ya ba ni wuya kamar wannan. Na ƙi taɓa ta, na ƙi ɓata ta a kan yaro a gonar tumatir. Na ce sai babbar ta zo." Ya yi ɗan murmushi. "Kai a gwanjo ka tsinci singiletinka, Alhaji, shi ya sa ka san ta kwana ce. Ni da tsada na saya, sai na ɗauka ta sallah ce."

 Mota ta zo muka shiga, aka matse mu da buhun albasa har Maraɗi.

Bayan ƴan kwanaki yaron ya zo rumfata. Kunya ta hana shi zuwa Zariya. Ya ce shugabar ta zaɓi Mushe, ta ce tun da take yawo a ƙasar nan ba ta ga wanda ya riƙe taro da fassara kamarsa ba, kuma irinsa take so idan za a zauna da hukuma. Ya ce ta wanke shi tas a mota kan dariyar, ta kuma tambaye shi wane marar aikin yi ne ya koya wa dattijo mai mutunci maganar titi. Ya ce shi bai sani ba. Na ce ni ma haka, na zuba masa shayi.

Na kai wa Mushe albishir da kaina. Na ɗauka zai yi hamdala. Yana zaune a zaure kan buzu, ya saurare ni har na gama.

"A garinmu, Alhaji. Gaban waɗanda suka yi goyona. Gaban yaran da na koyar."

"Dattawan ba su san abin da ya faru ba. Yabonka suke yi."

"Ni na sani."

Daga cikin gida ana jin ƙaramarsa tana kuka, uwar tana rarrashi. Ya saurara na ɗan lokaci. Sannan ya jawo takalmansa ya kaɗe su.

"Ka ce masa gobe ina biro. Ba don na huce ba."

Ya koma, ya yi musu aiki yadda ya kamata. Tukunya ta koma sau biyu, har sau uku, ya sayi keke. Da yaron yana sa kaftani, da hukuma babbar riga, bai ƙara kuskure ba. Bayan wani lokaci sojoji suka karɓi mulki, baƙin suka naɗe tabarmarsu suka tafi, injin Jiratawa ya koma hannun masu shi. Lakwal ta buɗe tana ɗingishi, Mushe ya koma aji. Ɗan ƙanwata da ya yi karatu a hannunsa daga baya ya gaya mini ya daina jan biro kan "don't". Yakan raba allo uku ya rubuta kowane iri a gidansa, ya gaya musu wanne ake yi wa wa. Na farko da na biyu yana karantawa da kansa. In aka zo na uku sai ya nuna da alli, ya sa wani yaro ya karanta.

Yanzu da na tsufa na daina yawo, ina ganin kalmomi su ne mafi arha a kowane harshe da na shiga. Da kunne da rashin kunya za ka tara su. Mai wuyar shi ne ka gane inda masu harshen suke ajiye girmamawarsu. Mu a tsawo muke ajiye tamu, gaisuwa sai ta gaji da kanta. Wasu a taƙaice suke nuna ƙauna, amma su ma suna da ranar babbar riga, kuma ba mai rubuta maka ranar. Sai ka zauna da su har ka ji kunya sau da yawa. Ni na ji tawa kunyar ina saurayi, a garuruwan da ba wanda ya san ubana. Mushe kuwa ya ji tasa da furfura, sau ɗaya, a ƙofar gida. Yaran yanzu suna ɗaukar abin daga waya kyauta, kuma ina jin tsoron su singiletin kaɗai suka sani. Amma na gaji, ban ƙara buɗe wa kowa makaranta ba.

Zumuncinmu bai taɓu ba. Shi ya tsaya mini a auren ƴaƴana, ni na shiga kabarinsa na karɓe shi. Wasan Gobir da Katsina ma mun ci gaba da yi har cikin ciwonsa na ƙarshe. Abu ɗaya ne ya tafi. Safiyar farko da ya dawo wucewa ta rumfata a kan keke, ya tsaya ya gyara tabarau yadda ya saba, na ajiye almakashi ina jira. Sai ya ce, "Ina kwana, Alhaji." Na ce bari in taimaka masa, na gyara murya na ce, "How do you do?" Ya dube ni ya ce, "Lafiya lau, Bakatsine. Ina gajiya?" Ya taka kekensa ya wuce.

Daga ranar Tibiri har Allah ya karɓi abinsa, bai ƙara yi mini magana da Ingilishi ba.